'Yar Mai Gawayi

Malama Sakinatu tana koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata a Dutsin-Ma. Wata rana ta zana bishiya a allo, tana yi wa 'yan aji bayanin iskar kabon. Ganye ne ke shaƙe ta, in ji ta, itace ya adana ta a jikinsa shekara da shekaru, ƙasar gona ma tana riƙe wata. In aka sare itacen aka ƙone, sai iskar ta koma sama, zafin duniya ya ƙaru.

Darasin ya yi mata daɗi har baki ya zarce. Ta ce, "Masu ƙona gawayin nan su ne ke dafa mu da ranmu."

Aji ya kwashe da dariya, kowa ya juya yana kallon wata ɗaliba, Hasana. Malama ba ta san dalili ba sai bayan an tashi, da aka gaya mata sana'ar mahaifin yarinyar ke nan. Kafin mako ya ƙare an laƙaba wa yarinyar Mai Dafa Mu. Daga nan Hasana ta bar gidan gwaggonta inda take zaune a gari, ta koma ƙauyensu, Kuki.

Abin ya tsaya wa Malama a rai. Ita kanta da gawayi take girki tun da gas ya yi tsada, kuma duk lokacin da ta zuba shi a kurfoti sai fuskar yarinyar ta faɗo mata. Ran Asabar ta hau mashin zuwa Kuki.

Ta tarar da Malam Manu, mahaifin Hasana, a ƙofar gida yana gyaran ƙotar gatari. Ya shimfiɗa mata tabarma, ya sa aka kawo ruwa.

"Baba, na zo ba da haƙuri ne. Ni na yi maganar da ta jawo wa Hasana tsokana."

"Ai ba ƙarya kika faɗa ba, Malama," in ji shi. "Da ina yaro, itatuwan kirya da marke sun rufe bayan garin nan. Yanzu daga nan kana hango hanyar Kurfi. Da hannuna a ciki. To, gona ba ta kai mu shekara, shi ya sa."

Ya ƙara da cewa, "Hasana ta tambaye ni, wai da gaske ne mu ke jawo zafin nan? Na rasa abin da zan ce mata."

Malama ta so ta ce masa hayaƙin motoci da manyan masana'antun duniya ya ninka nasa ba adadi, kuma gawayin da yake ƙonawa irinta ne ke saye. Ta faɗa, amma a dabarbarce, tana kallon tabarma. Ya gyaɗa kai kawai.

Hasana ta fito ta durƙusa ta gaishe ta. Malama ta roƙe ta ta dawo, ta ce to.

Ta dawo ran Litinin. Malama ta hana tsokanar, ta sake darasin tun daga farko, ta sa girkin gidanta cikin abubuwan da ke fitar da iskar. Hasana ta ci jarrabawar zangon da maki mai kyau. Amma har ta gama makarantar, in ta hango Malama a baranda, sai ta canza hanya.