Batir a Rana, Gwangwani a Gindin Randa

Shekarar da aka jawo wutar lantarki layinsu a Yakasai, ana saura kaɗan a sami mulkin kai, Baffa Ashafa mai goro ya sayi rediyo ɗan hannu mai batir. Batir ba ya daɗewa, wuta kuma sai ta ga dama take zama. Sai ya kai wa Sabo mai gyara.

Sabo ya haɗa masa wani abu cikin gwangwanin taba, da wayoyi biyu, ɗaya zuwa bango, ɗaya zuwa batir. A tsakiya akwai wani ɗan ƙarfe mai ƙafa uku, bai fi ƙwayar gyaɗa ba.

"Sunansa taransista, Baffa. Mai gadi ne. Muddin akwai wuta, ya tsare ƙofar batir. Tana ɗaukewa ya buɗe, ko tari rediyon ba zai yi ba."

"Wannan ɗan mitsitsin? Ni da na ce zan ga inji!"

Ana nan sai labari ya zo cewa ran Juma'a bayan La'asar za a sa muryoyin alhazai a rediyo, har da Maharazu, ɗan Kulu yayar Baffa, wanda ya tafi Makka a ƙasa shekaru da dama, ko wasiƙa babu. Gwaggo Kulu ta iso daga Dukawuya tun hantsi, ta shimfiɗa tabarma gaban rediyo.

To, kowa ya san batir in ya ji rana ƙarfinsa kan ɗan dawo. Baffa kuwa mutum ne mai shiri. Ya kwashi batir da gwangwani gaba ɗaya ya ɗora kan soro, ya tafi masallaci. Sai dab da lokaci ya sauko da su, da gefen riga ma ya riƙo su don zafi.

An fara shiri ke nan, mutumin Zariya na jero gaisuwa, wuta ta ɗauke. Rediyo ya kama gurnani kamar raƙumi.

"Ina mai gadin naka?" in ji Baffa. "Ko shi ma ya tafi Makka?"

Sabo, da ya zo ganin aikinsa, ya taɓa gwangwani ya yarfe hannu.

"Baffa, wa ya gasa shi?"

"Rana na ba shi, ya yi ƙarfi."

"Batir ake shanyawa! Wannan ɗan ƙasar sanyi ne. In ya ji zafi ba ya sanin buɗewa daga rufewa."

"Ku yi gardamarku gobe," in ji Gwaggo. "Sanyi yake so?"

Ta sure gwangwanin, wayoyi na binta, Sabo na biye da rediyo da batir yana "A hankali, Gwaggo!" Ta tura shi cikin jiƙaƙƙen yashin gindin randa, ta kama fifita kamar mai jinya. Gurnani ya koma shiii, shiii ya fara fitar da kalmomi. Mutumin Katsina ya wuce, na Gusau ya wuce. Mafici bai tsaya ba.

"...Maharazu ne daga Kano. A gaida Kawu Ashafa, a gaida mahaifiyata Kulu. Ina lafiya, ina ɗinki a nan, baɗi in Allah ya yarda..."

"Na'am, ɗan nan! Na'am!"

Aka sa wani. Gwaggo ta share ido da bakin mayafi, ta dubi ƙanenta.

"Ashafa, ka ji? Yaron nan ya yi ƙiba."