Waken da Bai Yi Ba

Sabi'u ya tona bakin ƙofar ɗakin matarsa har tsawon kamu guda, bai ci karo da komai ba sai tsohon murfin kwalba da saiwar darbejiya. Laya yake nema, ko ƙaho, ko ma mene ne aka binne masa. Kwana uku ke nan Rakiyya tana fama da ciwon kai da amai, jiya kyanwarta ta mutu a ƙarƙashin gado, yau kuma 'yarsu Naja'atu mai shekara huɗu ta tashi tana numfashi sama-sama kamar wadda ta sha gudu. Shi da yake kwana a shagonsa na zaure kuwa garau yake. Wannan ya ishe shi hujja cewa da sa hannu a lamarin.

Mai hannun ma ya san shi. Kawu Shehu, maƙwabcinsa na gida da na gona, wanda suka yi sa-in-sa da damina a kan gambar da ta raba iyakarsu. Sau uku Sabi'u yana hango tsohon ya zo dab da zaurensa da wani ƙunshi a hammata, ya tsaya, ya waiga, ya juya.

Sabi'u mutum ne da ko gaishe shi ka yi da fara'a sai ya laluba aljihunsa. A gaskiya ba za a ga laifinsa duka ba. Bara ɓarayi sun fasa masa rumbu, kuma bai manta shekarar da wasu suka zo ƙasar Gagarawa da takardu suna auna gonakin mutane ba. Shi ya sa da kaka, da Malama Tayyiba, malamar gona, ta zo ƙauyen tana rubuta sunayen waɗanda suka sami wake, ya dube ta ido cikin ido ya ce tsutsa ta cinye nasa, ko tiya bai ɗauka ba. Wanda ya rubuta sunanka yau, ai gobe ya san hanyar rumbunka.

Alhali wake ya yi. A amalanke ya kwaso shi, ya lulluɓe da kara da harawa, ya jera buhu bakwai a bayan labulen ɗakin Rakiyya, inda namiji baƙo ba ya shiga. Ya liƙe tagar da laka. Ran Alhamis ya je kasuwar Maigatari ya sayo ƙwayar maganin ƙwari da ake kira bom. Mai sayarwa ya ce a ƙulle ɗaya a tsumma a tura a kowane buhu. Sabi'u ya tura biyu-biyu, domin bai yarda da mai sayarwar ba. Sannan ya sa Rakiyya ta rantse ko uwarta ba za ta ji zancen ba.

Yana durƙushe a bakin ramin ya ji sallama. Malama Tayyiba ce, da jaka a kafaɗa. Wai ba ta ga Rakiyya a taron mata ba, matar Kawu Shehu ta ce mata ba ta da lafiya. Jin sunan gidan Kawu sai Sabi'u ya ce a ransa: ashe har 'yar leƙen asiri suka turo. Ya ce mai jiki tana barci, za a gaya mata an zo. Sai dai duk dabararsa a kan maza ya yi ta, ya manta ba a hana mace shiga ɗakin 'yar'uwarta mace. Tayyiba ta ce dubawa kawai za ta yi, ta tsallake ramin ba ta ko tambayi dalilinsa ba, ta ɗaga asabari.

Ba ta yi minti ɗaya ba ta fito, Naja'atu a kafaɗarta, gefen hijabi a hancinta. Ta koma ta riƙo Rakiyya, ta zaunar da ita a gindin darbejiya.

"Malam Sabi'u, me aka ajiye a ɗakin nan?"

"Kayan ɗaki."

"Wari nake ji kamar na tafarnuwa. Wake ne ko dawa?"

"Malama, ba ke kika rubuta da hannunki cewa wakena bai yi ba?"

Tayyiba ta juya wajen Rakiyya. Rakiyya ta dubi mijinta, ta sunkuyar da kai. Bakinta ya bushe, idanunta sun faɗa, amma rantsuwa ta riga ta yi.

Malamar ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ƙwayar nan idan ta sha iska hayaƙi take fitarwa wanda ido ba ya gani, kuma ba ya bambance ƙwaro da mutum. Ƙaramin rai yake fara ɗauka. Ta tambaya ko wata dabba ta mutu a gidan. Sabi'u ya tuna kyanwar da ya jefar a bayan gari jiya yana tsine wa Kawu Shehu. Duk da haka zuciyarsa ba ta bar halinta ba, tana raya masa cewa haka masu wayo suke yi, su tsorata ka har ka faɗi abin da ka ɓoye.

"Ba buhunanka nake so ba," in ji Tayyiba. "Likita zai tambayi abin da suka shaƙa. In aka ce ba komai, maganin zazzaɓi zai ba su, yarinyar nan kuwa ba ta da lokacin gwaji."

Sabi'u ya dubi ƙirjin Naja'atu yana hawa yana sauka, haƙarƙarinta duk a waje. Tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko ranar da ya tarar da rumbunsa wayam.

"Buhu bakwai ne," ya ce. "Ƙwaya biyu-biyu."

"Biyu-biyu," ta maimaita a hankali. Hakan ya fi masa zafi a kan zagi.

Ta ce kada kowa ya sake shiga, a bar ƙofa a buɗe, tagar kuma a fasa ta daga waje. Ya zagaya lungu da fartanyar da yake tono da ita, ya dinga sarar lakar da ya shafa da hannunsa. Kafin ya gama mutane sun taru, ga buhuna nan tsaye reras ana hango su ta tagar. Babu wanda ya yi mamaki, abin da ya ɗaure masa kai ke nan.

A duk ƙauyen, babur mai ƙafa uku ɗaya ne, na Kawu Shehu. Tsohon bai jira a roƙe shi ba, ya riga ya tayar da shi. Aka shimfiɗa tabarma a baya, Rakiyya ta jingina da Tayyiba, Sabi'u ya rungume 'yarsa, suka kama hanyar asibitin Gumel. A hanya malamar ta ce ranar taron masu wake an ja kunnen kowa a kan ƙwayar, an kuma raba buhu mai hawa uku, wanda iska ba ta shiga, ƙwaro ya mutu ba tare da magani ba. Waɗanda ke cikin takarda aka gayyata.

Babur ya faɗa rami, wani ƙunshi ya zamo daga bayan kujerar direba ya tsaya a ƙafar Sabi'u. Ya gane shi nan take, shi ne wanda yake gani a hammatar Kawu. Igiyar ta kwance, sababbin buhuna ne a ninke.

"Naka ne," Kawu Shehu ya ce, bai waiwayo ba. "Da sunana na karɓa. Amalanken kara ba ta nutsa taya a rairayi, Sabi'u, kowa ya ga sawun. Sau uku ina zuwa ƙofarka. Na rasa yadda zan miƙa buhun wake ga mutumin da ya ce bai yi wake ba, ba tare da na ƙaryata shi ba."

Sabi'u ya sa yatsa ya ƙirga gefen buhunan. Bakwai ne cif. Tambaya ta taso masa har leɓe: wa ya gaya wa Kawu bakwai ne? Rakiyya? Ko leƙe aka yi kafin ya liƙe tagar?

Naja'atu ta yi tari, ta buɗe ido, ta riƙe masa wuyan riga. Ya haɗiye tambayar, ya gyara mata kai yadda iska za ta same ta.

"Kawu," ya ce, "a ƙara wuta."