Taken Garba Mai Galma

Maiwada ya dangwarar da kaset ɗin a kan teburin Zaharaddeen kamar shi ya yi masa laifi. Tun daga Kashin Zama yake dafe da shi a aljihu, ganga kuwa na rataye a bayansa cikin tsohon buhun taki, duk wanda suka shigo mota tare sai da ya sha zunguri.

"Juye mini wanga a waya, ka ƙara masa murya. Yau nake so."

Zaharaddeen, mai shagon juyar waƙoƙi a bakin kasuwar Jega, ya ɗaga kaset ɗin yana dubawa. "Baba, ai wannan ya girme ni. Lafiya dai?"

Ina fa lafiya! Gobe za a naɗa Sagir Sarkin Noma a Maiyama, kuma tun zamanin iyaye gidan su Maiwada ke yi wa gidan su Sagir kiɗan noma. Tamu, mahaifin Maiwada, shi ya yi wa Garba, mahaifin Sagir, takensa, kiɗan da in ya tashi a gonar gayya kowa ya san da wa ake. Lokacin da tsofaffin biyu suka rasu Maiwada na can kudu yana fataucin albasa. Da ya dawo ya ɗauki gangar gado, a wannan kaset na kiɗan Tamu ya koyi taken, kuma shekara goma sha tara ke nan yana buga shi duk sabgar da ta taso a gidan.

Sai jiya Sagir ya kira shi yana ta kame-kame. Wai Inna Hamsatu, matar marigayi Garba, ta ce in dai abin da ya saba bugawa zai buga, to ya yi zamansa gida. Wai ba taken mai gidanta ba ne. Ta yi kawaici duk shekarun nan, amma ranar naɗi ba za ta yi ba, gara a nemo wani makaɗin. Maiwada bai iya cin tuwo ba don kunya da haushi. A gaban jama'ar garuruwa uku a ga ɗan Tamu ba shi ke riƙe da ganga ba!

Zaharaddeen ya saka kaset a wata tsohuwar rikoda da ya haɗa da kwamfuta, ya ƙure sifika. Sai shuuu, sai gudum-gudum, ga ihun 'yan gayya, ga janareton maƙwabci na taya su. Maiwada ya bi kiɗan da yatsu a kan cinyarsa.

"To ka ji! Mi na rage? Mi na ƙara? Tsufa ne dai ya kama ta."

Zaharaddeen ya tsayar da kaset ɗin. Ya buɗe wata 'yar akwati mai zif, ya fito da hedifon baƙi, mai kunnuwa manya masu taushi, ya goge shi da gefen rigarsa tukuna. Duk layin nan an san labarin abin nan. Kuɗin buhu uku na albasa ya zuba a kai lokacin da albasa ke tsada, matarsa ta yi mako ba ta ce masa ci kanka ba, masu shagunan kusa kuwa har yau Direban Jirgi suke kiransa.

"Au, wanga ne abin da aka ce ka haukace a kansa?" in ji Maiwada. "Ni da kunnena na haihuwa na zo, ɗana."

"Baba, cire hular dai. Minti biyu. In ba ka ji komai ba, kai ma ka kira ni Direban Jirgi."

Ya cire hular yana gunaguni. Da abin ya rufe masa kunnuwa sai kasuwar Jega ta ɗauke ɗif. Yana ganin bakin mai lemo na motsi, yana ganin babura na wucewa, amma ko ƙus. Har ya ɗan tsorata, ya kai hannu zai cire, sai kiɗan ya shigo.

Kai! Ashe haka gangar Tamu take? Shekara da shekaru yana jin ta a rikoda kamar ana dukan katifa, yau ga ta da cikinta da amonta, har karkarwar tsarkiyar da ke kan fata yana ji. Ya ji inda gula ke sauka tsakiya, ya ji inda take sauka gefe. Can baya wata mata na kiran a kawo ruwa. Wani ya yi tari kusa da rikodar, kuma Maiwada ya san tarin nan, na ubansa ne.

"Maido baya," ya faɗa da ƙarfi, don bai san ihu yake yi ba.

Aka maido. Taken ya zo: bugu uku, sannan na huɗu mai nauyi, sannan biyu a guje. Haka yake buga shi kullum. Amma yanzu da ya kasa kunne, na huɗun nan ba daga ganga yake fitowa ba. Ba shi da amon fata ko kaɗan. Wani abu ne mai tauri, tim, kuma ƙasa na zubowa a bayansa.

"Maido. Sake maidowa."

Sau bakwai ana maidowa kafin ya sauke abin daga kansa a hankali, da hannu biyu.

"Galma ce," ya ce. "Wallahi galmar Garba ce. Tsoho ba ya buga na huɗu. Ɗaga hannu yake yi ya bar wurin, shi kuma Garba ya kafta galma daidai nan. Su biyu ke yin kiɗin. Ni kuwa na zo na cushe wurin mutum da gula, shekara goma sha tara!"

Zaharaddeen ya yi murmushi har kunne, ya leƙa waje ko masu tsokanarsa na kusa su ji. Ba kowa, sai mai lemo.

"Wanda ya ƙera wanga abu ya san kunne," in ji Maiwada yana shafa fatar hedifon ɗin da babban yatsa. "Allah ya yi masa albarka ko wane ne. Kai kuma ba ka yi wauta ba, a gaya wa mai ɗakinka in ji ni."

Bai jira a juye masa komai ba. Ya saɓi gangarsa ya nufi tasha, ya samu motar Maiyama saura mutum ɗaya.

Bayan la'asar ya isa. Ƙofar gidan cike da masu kafa rumfa, Sagir ya taso ya tarbe shi fuska ba walwala, don bai san yadda zai sallame shi ba. Maiwada ya ce a yi masa iso wurin Inna kawai.

Tana zaune a kan tabarma a tsakar gida tana tsince wake, ido ya yi rauni, hannu ne ke aikin. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa a taƙaice, ta tambayi mutanen Kashin Zama, ba ta ɗago ba.

"Inna, so nake ki saurara sau ɗaya. In ba shi ba ne, da kaina zan nemo muku wani."

"To," ta ce.

Ya fitar da ganga, ya rataya. Ya buga uku. Ya ɗaga gula sama ya riƙe ta, wurin ya zauna fayau ba kowa a cikinsa. Sannan ya sako biyun a guje. Ya sake, ya kuma sakewa.

A zagaye na uku faifan wake ya zame daga cinyar Inna Hamsatu. Ta dafa ƙasa ta miƙe da sauri irin wanda jikokinta ba su taɓa gani ba, ta nufi ɗakin girki, har ta kai hannu kan ƙwaryar da ke kife a bakin ƙofa. Nan ta tsaya.

"Inna, mi kike nema?" Sagir ya tambaya.

Ta janye hannunta daga kan ƙwaryar. Da ta juyo tana dariya, hawaye na bin kumatunta.

"Fura na tashi damawa," ta ce. "In na ji wanga daga bakin gari, to sun taso daga gona ke nan, kuma mai gida ba ya son ya iso ya jira."

Ta goge fuska da gefen zane, ta koma ta zauna a kan tabarma.

"Ɗan Tamu, kada ka tsaya. Ƙara."