Hoton Ƙugun Malam

Da hantsi aka kawo Malam Abubakar Siddiƙ asibiti a Safana, kwance a bayan a-kori-kura. Babur ne ya kayar da shi a hanyar Islamiyyarsa ta Runka, ƙugunsa ya bugi dutse. 'Yarsa Muhsina ce ke aiki a ɗakin hoto, ita ta ɗauki hoton ƙugun da kanta.

Likitan ƙashi yana Katsina. Sai ya ga hoton zai faɗa ko a kawo tsohon, ko kuwa girgizar mota za ta ƙara masa rauni. Direban motar asibitin kuma tun farko ya faɗi gaskiyarsa, in la'asar ta yi ba ya hawa hanyar nan, ko wa zai ɗauka. Kowa ya san 'yan bindiga ne dalili, ba wanda ya ga laifinsa.

Kwamfutar ɗakin hoton ba a haɗa ta da intanet kai tsaye ba. Akwai wani ɗan akwatin tsaro a tsakani don kare bayanan marasa lafiya: abu yana fita ta cikinsa, amma ko harafi ɗaya ba ya shigowa. Dama can ba shi da sauri, ranar nan kuwa sai ya zama kamar jakin da aka jibga wa kaya. Muhsina ta ɗauki hoton fuskar kwamfutar da wayarta ta tura, likitan ya ce bai fito sosai ba, ainihin hoton yake so.

Bayan azahar Nu'uman ya iso daga Batsari. Shi ne mai kula da na'urorin asibitin, mutumin da ko gobara ake yi sai ya gama gaisuwa. Ya tambayi gida, ya tambayi mai jiki, ita kuwa ji take kamar ta jawo shi da wuyan riga. Ya duba wayoyi, lafiya lau. Ya taɓa akwatin, bai ɗauki zafi ba. Da ya buɗe layin saƙonnin da ke jiran fita, sai ya ga inda matsalar take.

Hoton Malam ne birjik, kwafi a kan kwafi, duk suna turereniya a ƙofa guda, ba wanda ya bar wani ya wuce.

"Sista, sau nawa kika tura?"

Ta ce ba ta ƙirga ba. Ta danna, ba ta ga alamar ya isa ba, ta sake dannawa. Haka ta tashi ta gani a gidansu, in ka yi sallama ba a amsa ba ƙarawa kake yi, wataƙila ba a ji ba. Da ta gane ita ce ta toshe wa mahaifinta hanya, kunya da tsoro suka haɗe mata, sai hawaye.

"Shi akwatin ga ba ya amsawa, haka aka ƙera shi," in ji Nu'uman, idonsa a kan kwamfutar don kada ya ƙara mata kunya. "Ni ma da Babana ne a kwance, da na fi ki dannawa."

Ya goge sauran, ya bar guda. Suka zura wa layin ido har ya kai ƙarshe. Ba a jima ba wayarta ta yi ƙara. Likitan ya ce karaya ce, a kwantar da shi a kan katako, a ɗaure shi da kyau, a taho yanzu. Ladan bai kira la'asar ba tukuna, direban ya je tada mota.

Ta durƙusa a gefen gadon.

"Uwata, ya gani?"

"Ya gani, Baba. Tafiya za mu yi."

Ya ce alhamdulillahi, ya damƙe hannunta. Sai a lokacin ya saki nishin da yake ta riƙewa tun safe don kada ta ji.