Bindiga Ta Kaina

Malam Moutari ya kama saman bindigar da hannun hagu ya ja baya. Ko motsi ba ta yi ba. Ya cije leɓe ya sake ja har jijiyoyin wuyansa suka miƙe, ƙarfen ya ɗan zame, ya kufce masa ya koma mazauninsa. Sai ya ajiye ta a kan gilashin kantin, ya goge tafinsa a jikin riga.

"Gaya ma mai kantin wannan ta hi ƙarhina yanzu," ya ce da Lawal. "Ya kawo ƙanana."

Lawal ya juya maganar zuwa Turanci. Aikinsa ke nan tun da suka zama maƙwabta a Glenwood, shingen waya kawai ke tsakanin gidajensu. Shi ne tafintan Malam Moutari a asibiti, a banki, har wurin gyaran mota. Malam Moutari tsohon jandarma ne, wato ɗan sandan soja, daga Damagaram, Faransanci a bakinsa kamar an haife shi da shi, amma Turanci ya ƙi shi, shi ma ya ƙi Turanci. Lawal kuwa Bakano ne mai tuƙa tasi, bakinsa ba ya hutu. Yau ne dai bakin ya yi masa nauyi.

Mai kantin, wani Bature mai furfurar gemu da ya san tsohon a filin koyon harbi, ya shimfiɗa ƙyalle ya jera ƙananan bindigogi uku. Duk masu cin ɗan siririn harsashin nan ne da ake kira ashirin da biyu, wanda allurar bindiga ke duka a gefen gindi, ba a tsakiya ba. Ya ce na nishaɗi ne, huda takarda da kayar da gwangwani, kusan dai na wasa.

"Gaya mishi babu bindigar wasa," in ji Malam Moutari.

Ta farko mai ganga ce da ke juyawa, ko taɓa ta bai yi ba. Mai ɗana kanta yake so, wadda in ta harba za ta tofar da kwanso ta ɗauki na gaba. Ta biyu mai dogon baki ce, ga nauyi. Ya ɗaga ta ya miƙa hannu, bakin ya shiga rawa. Ta uku gajera ce, shafal. Ya ja samanta da yatsa biyu ta buɗe ba gardama. Ya leƙa cikinta, ya juya ta, ya auna kaurin mariƙinta da yatsu, ya daɗe yana aunawa.

"Tambaye shi, tana shuri?"

"Ya ce ko kaɗan. Ba ta turo hannu baya."

"Ƙara hwa?"

"Ya ce kamar an karya busasshen kara."

"Madalla. Ba ni son ta hirgita kowa."

Lawal bai fassara wannan ba. Da safiyar nan, kafin su fito, Djamila ta tare shi a bakin shinge. Ita ce 'yar Malam Moutari tilo, tana aiki a kantin magani, kuma tun da mahaifiyarta ta rasu ita ke riƙe da gidan. Tana ƙarama aka kawo ta ƙasar nan. Tana jin Hausa sama-sama, amma da Turanci take amsawa, har shi uban. Ta ce likitoci sun gama nasu, ciwon dajin ya cinye hantar, sun ce a koma gida a lallaɓa shi. Sannan ta rage murya ta ce ta ji shi yana waya da ƙanensa na Damagaram, da kunnenta ta ji, so yake ya sayi bindiga ya gama da kansa.

"Tonton," ta ce, wato kawu, yadda ta saba kiran Lawal, "kada ka bari. Please."

Lawal bai yarda ba, bai kuma iya ƙaryata ta ba. Mutumin da ba ya ƙetare jam'i? Amma ya taɓa ganin abin da ciwo ke mayar da mutum, kuma ga shi yanzu yana tambayar bindigar da ba ta da ƙara.

Abin da ya cece shi shi ne doka. Mai kantin ya ce ba a ba da ƙaramar bindiga sai da takardar izini daga ofishin sharif, shugaban 'yan sandan yankin. Zai ajiye musu ita har su kawo. Lawal ya fassara wannan da sauri, har da ƙari.

Daga ranar motar Lawal ta shiga ciwo. Yau birki, gobe batir, jibi an kira shi filin jirgi ɗaukar fasinja. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, haka yake gaya wa kansa duk safiya in ya zagaya ta bayan gida don kada tsohon ya hango shi daga baranda. Kunya kuwa tana cinsa. Matarsa Bebi ta ci gaba da aika kunun gyaɗa, kwanon yana dawowa da fiye da rabi. Ganyen bishiyoyin layin ya yi ja, ya fara zuba. Malam Moutari ya daina zuwa masallaci da ƙafarsa, daga baya ya daina zuwa baki ɗaya.

Wata ranar Asabar da hantsi tsohon ya ritsa Lawal. Yana zaune a baranda cikin bargo, ya ɗaga sanda ya ƙwanƙwasa shingen.

"Kai Bakano, zo nan. Motarka ta hi ni ciwo, ko likita za mu kai ta?"

Lawal ya zauna a kan matakala yana sosa ƙeya. Ya fara wani bayani a kan injin mota, tsohon ya katse shi.

"Shekara nawa ina tahiya halbi duk Asabar?"

"Tun kafin in tare a layin nan."

"Ka taɓa ganin na tahi da Djamila?"

"A'a."

"Na taɓa. Sau guda." Ya gyara bargon. "Tana da shekara tara. Na ɗauki babba, irin tamu ta aiki, na sa mata a hannu. Ta danna, abin ya yi ƙara, ya buge mata goshi. Ta zubar da ita ƙasa tana kuka. Ni kuma, jandarma, sai na daka mata tsawa gaban mutane. Wai an yar da makami. Yarinya tana jini, ni ina ta makami. A mota na yi mata magana, ta amsa mini da Turanci. Har yau ba ta komo ba, Lawal. Muna gida guda, tana ba ni magani, tana wanke ni, amma in na yi zance mai tsawo sai ta dubi bango."

"To ita bindigar fa, Malam?"

"Ba ka ga ina auna mariƙin ba? Hannun uwarta gare ta, ƙarami. Wannan ba ta shuri, ba ta ƙara. So nake in kai ta sau guda in gyara abin da na ɓata. Abu guda na iya a duniya, shi nake so in bar mata ba da tsoro ba."

Lawal ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Zato zunubi, ko da ya zama gaskiya, balle wanda bai zama ba.

Da la'asar ya jira Djamila a inda bas ke sauke ta. Suka tako tare. Ya ce ta faɗa masa abin da ta ji a wayar nan, amma ba da Turanci ba, yadda uban ya faɗa.

Ta tsaya tana harhaɗa kalmomin kamar mai tsintar shinkafa. "Ya ce, 'Ina son bindiga ta kaina.'" Ta ɗora yatsa a gefen kanta. "Kai. Wannan ba shi ne kai ba?"

Lawal ya kusa yin dariya, ya fasa.

"Djamila, in na ce mota ta kaina, a ka nake ɗaukar ta? Gida na kaina fa? Tasa yake nufi, mallakarsa. Duk aikin da ya yi, bindigar gwamnati ya riƙe. A nan kuma ta haya yake karɓa a filin. Bai taɓa mallakar ko guda ba."

Ta dube shi. Ya gaya mata sauran, har da mariƙin da aka auna. Ta kai hannu ta shafa wani ɗan tabo a saman girarta, wanda Lawal bai taɓa lura da shi ba. Nan a bakin titi ta zauna a kan dakalin wani gida ta yi kuka, shi kuma ya tsaya a kanta yana duban motoci. Tausayinta ya ji, da tausayin tsohon, da haushin kansa. Shi da ke fassara wa banki da asibiti, tambaya guda ta gagare shi.

Ita da kanta ta faɗa wa uban. Malam Moutari ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da aka ba shi ruwa.

"Ni da na riƙe alwala tun asuba, sai ana tada iƙama in karya ta?" Ya share ido. "Amma ɗiyata ta kwana da tsoro saboda ni. Lawal, in an saya, halsashin ya zauna gidanka."

Ranar Litinin motar Lawal ta warke. Aka kai tsohon ofishin sharif a keken marasa lafiya, aka jira, takarda ta fito, aka je aka karɓo bindigar a cikin ɗan akwatinta. Sai dai makonnin da aka ɓata ba su dawo ba. Asabar ɗin da aka sa za a je fili, Malam Moutari bai iya sauko da ƙafa daga gado ba. Ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa gida ta ja Djamila gefe ta yi mata magana, ta tafi.

Bayan azahar ya ce a kawo akwatin. Lawal ya tashi zai fassara, tsohon ya ɗaga masa hannu.

"Zauna, Bakano. Yau ba a son tahinta."

Ya sa Djamila ta zauna a bakin gado, bayanta a jikin kafaɗarsa. Ya sa ta cire gidan harsashi, ta ja saman baya, ta leƙa, ta sake leƙawa, har ya gamsu babu komai a ciki. Hannunta yana rawa. Ya ɗora nasa a kai, busasshe, duk ƙashi, ya jera mata yatsu ɗaya bayan ɗaya. Mariƙin ya zauna a tafinta daidai.

"Kin gani? Taki ce." Ya nuna makunnin fitila a bango. "Auna wancan. Kada ki danna kunama, irin wannan ba ta son a danna ta babu halsashi, allura take lalacewa. Yau numfashi kawai za mu koya."

"To, Papa," ta amsa masa, da Hausa.

Lawal ya sunkuyar da kai yana duban carbinsa.

"Shaƙi. Saki rabi. Tsaya. A nan hannu yake natsuwa. Kin ji ya daina rawa?"

"Ya daina."

"In kin halba, sai ki saki sauran."

Suka yi ta maimaitawa. Ita tana tambaya da gurguwar Hausarta, tana sa namiji inda mace take, shi ko gyara bai yi mata ba. A tsakiyar haka ya kai babban yatsa ya taɓa tabon girarta, ya ce ta yafe masa. Ta ce ta yafe tun tuni, ba ta dai san yadda ake faɗa ba ne. Ya ce ga shi ta faɗa. Daga nan ya gaji, aka mayar da bindigar akwati, aka gyara masa matashi.

Bai ƙara magana mai tsawo ba. Ranar Laraba da yamma Bebi ta leƙo ta shinge ta ce wa Lawal ya ajiye mota ya shiga. Ya tarar da Djamila a durƙushe a bakin gado, hannun uban a cikin nata. Rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan bargo. Lawal ya zauna ta wajen kai yana maimaita kalmar shahada a hankali, leɓunan tsohon suna binsa, har suka daina bi.

Numfashin ya yi nisa da juna. Djamila ta kafa ido a kan ƙirjinsa, nata ƙirjin yana tashi yana sauka tare da nasa. Malam Moutari ya shaƙa, doguwar shaƙa. Ya saki rabi. Ya tsaya.

Lawal ya gane. Ya ce innalillahi a ransa, ya miƙa hannu zai shafe masa ido, sai ya dubi Djamila ya janye hannun. Ita ma ta tsayar da nata numfashin, idonta a kan bargon, tana jira ya saki sauran.