Ƙwayar Wake ta Sha Ɗaya

Tun zamanin kakana ake ba da kyautar adabin garinmu a gidan sayar da abincinmu, kuma da wake ake zaɓe. Alƙalai sha ɗaya, kowa ya jefa ƙwaya guda a tukunyar ƙasa, a rufe, sai an gama cin abincin rana a buɗe. Wanda ya ci, ni nake rubuta sunansa a bango. In aka yi kunnen doki, wanda ya fi tsufa ya ɗauka.

Bana farin wake na Malam Ottavio ne, tsohon malaminmu na firamare, shekara tamanin da ɗaya. Sau biyar yana zuwa na biyu. Duk Lahadi sai ya tsaya yana kallon bangon nan, ni kuwa sai tausayinsa ya kama ni. Jan wake na Ilaria ne, wata matashiyar marubuciya daga birnin Milan.

Alƙalai sun jefa wakensu, ana cikin cin abinci, na shiga madafa duba tukunyar, na tarar da ita wayam.

"Yaya Gualtiero, ina waken?"

"Wane wake? Ɗan abin da na gani na ƙara a miyar wake. Ba a ɓarna a madafata."

Miyar kuwa har an rarraba. Na fito da gudu ina shirin magana sai na ji ƙas, shugaban alƙalai ya dafe kumatu.

"Nives, duwatsu kuke dafa mana yanzu?"

"Ƙuri'a ce, ranka ya daɗe. Kada kowa ya haɗiye komai."

Ɗaki ya kaure da dariya. Waken zaɓen bai dahu ba, don haka duk wanda haƙorinsa ya ci karo da mai tauri sai ya tofo a faranti. Manyan mutane masu lakataye suna lalube da cokali, likitan haƙorin garinmu yana ta murmushi. Har Ilaria ta tofo fari guda, ta ce, "Kun gani, ni ma Malam na zaɓa."

Aka tara goma: biyar fari, biyar ja. Aka kwashe tukunyar miya kaf, babu ta sha ɗaya. Shugaba ya miƙe zai ambaci dokar tsufa, ni har na ɗauko fenti, zuciyata fari ƙal.

Malam Ottavio ya ɗaga hannu. Ya sa yatsa a kumatu ya zaro ƙwaya, ya goge da adiko, ya ajiye a tsakiyar teburi. Ja ce.

"Malam, ai da ka haɗiye," in ji Gualtiero.

"Na gwada har sau biyu, ɗana. Ta ƙi wucewa."

Ya juyo wajena. "Nives, ki rubuta sunanta da kyau. Ni na koya miki rubutu, kada ki kunyata ni."

Na rubuta. Rubutun bai karkace ba, amma sai da na tsaya na share ido.