Ranar da Aka Bar Inna Yakaka a Fadama

Alhaji Fannami bai ɗaga murya ba, shi ya sa maganar ta tsaya wa Shu'ibu a rai. Yana zaune a kan buzunsa a ƙofar gida ya ce, "Shu'ibu, na gaji da jin sunan motata a kotu. In aka sake rubuta maka sammaci, ko a kan mene ne, kawo mini makullin ka ajiye a nan. Direbobi ba su ƙare a Haɗeja ba."

Shu'ibu ya ce to, ya tashi. Me zai ce? Tsohuwar Bedfod ɗin nan ita ce gonarsa, ita ce garkensa. Kakansa ya sayar da ragowar shanunsu ya shigo gari tun kafin a haife shi, bai bar musu ko fegi a fadama ba. Da sitiyarin nan yake ciyar da matarsa Safara'u da 'ya'yansu, kuma sai da ya sha wuya a bayan motocin wasu kafin ya samu wanda ya yarda ya damƙa masa makulli.

Abin haushin, shi bai ga laifinsa ba. Tun shekarar da aka koma tuƙin hannun dama hanya ta cika da 'yan sanda, aka turo wa hanyar Kafin Hausa wani Kofur Habila, mutumin Filato, dogo, marar fara'a, wanda ko goro ka miƙa masa sai ya ce ya gode, ya ci gaba da rubutu. Aikinsa ke nan ya leƙa bayan mota, ya dubi adadin mutanen da aka rubuta a jikin ƙofa, ya dubi waɗanda ke zaune a kan buhuna. Shu'ibu kan ce wanda ya yi wannan doka yana can Ikko a ƙarƙashin fanka, bai taɓa tsayawa a tashar Haɗeja ranar kasuwa ba. Limamin unguwarku ya ɗaga maka hannu, ka ce masa mota ta cika? Wanda ya raɗa wa ɗanka suna ya riƙe ƙofa, ka ɓamɓare masa yatsu? In ka ɗauka kofur ya kama ka, in ka ƙi ɗauka gari ya sa ka a baki. Ko ta ina direba ne a ƙasa.

Direbobi dai ba su rasa dabara ba. In an haye gada, kafin a kai tsamiyar da Habila ke kafa babur ɗinsa, akwai wata kwana da gorubai suka rufe. A nan ake tsayawa, waɗanda suka yi yawa su sauka su bi 'yar hanyar da ta ratsa gonakin shinkafa, mota ta wuce gaban kofur fes da ita kamar ta Allah, can gaba a sake kwasarsu. Fasinja sun saba, ba mai ƙorafi. Habila ma ya sani sarai, amma mutum ɗaya ba ya tsare titi ya kuma tsare gona.

Ranar kasuwar Kafin Hausa, ana tsakiyar damina, Shu'ibu yana duba taya sai Garba kwandasta ya zo ya raɗa masa, "Surukarka ce ga ta can, za ta Kafin Hausa barkar haihuwa." Garba ya girme shi nesa, ya yi wa direbobi da yawa kwandasta, duk ya ga bayansu.

Shu'ibu ya bar tayar. Ya durƙusa daga nesa, idonsa a ƙasa, ya gaishe ta. Inna Yakaka ta amsa tana kallon wani waje, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Tunda ya auri 'yarta ba su taɓa haɗa ido ba, ba ta taɓa kiran sunansa ba, shi ma bai taɓa kiran nata ba. Haka gidansu yake, haka gidanta yake. Ya sa Garba ya share mata kujerar gaba. Ta aiko Garba ya ce ta gode, ita ta fi son iska. Wace iska? Kowa ya san ba za ta zauna kafaɗa da kafaɗa da mijin 'yarta ba ko da za a ɗora ta a kan taya. Ta hau baya da ƙullinta na kanwa da busasshen kifi, mata suka matsa mata.

Mota ta cika ta batse kamar kullum. Shu'ibu ya yi ta faɗa, "Jama'a ya isa! Wallahi ya isa!" ana ce masa, "Mutum ɗaya ne, direba, ɗan siriri ne ma." Da suka haye gada ya ga kogi ya kumbura, ya yi ja, ya shanye gindin itatuwan bakin gaɓa. Ya tsaya a kwanar gorubai, Garba ya hau kiran masu sauka. A madubi Shu'ibu ya hango gefen wani zane baƙi yana sauka a hankali, ya gane zanen, ya yi maza ya kawar da kai. Ashe ta ji ana zancen Alhaji zai karɓe makulli a bayan mota, ba wanda ya ce ta sauka, ita ta fara miƙewa. Ya so ya ce a hana ta. To da wane baki? Ya leƙa ta taga ya umarci surukarsa a gaban mutane? Kafin ya gama shawara da zuciyarsa sun shige cikin shinkafa.

Habila ya tsai da shi, ya zagaya motar yana taku ɗai-ɗai, ya leƙa baya, ya daɗe yana kallon guraben da ke kan buhuna inda mutane suka tashi yanzu-yanzu.

"Direba, yau kasuwa ba mutane?"

"Damina ce, Ofisa. Kowa yana gona."

"Haka ne," in ji Habila. "Kowa yana gona." Ya ɗaga masa hannu ya wuce.

A wurin kwasa aka daɗe ana jira. Da mutanen suka ɓullo, ga su sharkaf, wasu har cinya, suna zagin kogi suna zagin kofur. Ruwa ya shigo fadama tun jiya, ya rufe hanyar, sai lalube suka yi ta yi. Aka hau turereniya ana hawa. Shu'ibu yana riƙe da sitiyari, tambaya ɗaya tana bakinsa: tsohuwa ta hau? Amma ya ji nauyin a ji shi yana cigiyar surukarsa da ƙarfi a kan titi, madubin kuma ya ƙi yarda ya kalla don kada idonsa ya faɗa cikin nata. Can baya kuma sai ya ji kamar ana tayar da babur. Garba ya bugi bodi, "Mu je!" Ya saka giya ya taka.

A Kafin Hausa ya samu wuri ya tsaya kusa da kara inda ake sayar da shanu, ya sauko yana hamdala, har ya sayi fura. An fara sauke buhuna ya kira Garba gefe ya ce, "Baba Garba, ka taimaka wa tsohuwa da ƙullinta."

Garba ya tsaya da buhu a ka. "Wace tsohuwa? Ba gaba ta koma ba? Da ban gan ta a baya ba na ce ruwa ya sa ta haƙura ta shiga wajenka."

Shu'ibu ya yar da furar. Ya ruga ya hau mota zai juya, ga wata motar shanu ta tokare shi ta baya, direbanta ya tafi cin abinci, ta gaba kuma jakuna ne da masu tallan tukwane. Ya yi ta danna ham kamar mahaukaci, ba wanda ya ko waiwayo. Ya sauko ya tsaya a tsakiyar kasuwa yana jin kamar ya kama kansa da duka. Mutum ya manta buhu, ya manta akuya, an sha yi. Amma uwar matarsa, a cikin ruwa!

Yana nan sai ga babur ya kunno kai cikin tasha a hankali. Kofur Habila ne, a bayansa Inna Yakaka zaune a karkace, ta ƙanƙame ƙarfen kujera, ta rufe fuska ruf da jiƙaƙƙen mayafi. Zanenta ya yi kaca-kaca da laka har ƙugu, ƙafa ɗaya ba takalmi, ƙullin kanwa yana ɗigar da farin ruwa. Kasuwa ta taso gaba ɗaya ta zagaye su. Dattijuwa irin wannan a bayan babur ɗin ɗan sanda, abin da za a yi shekara ana labari.

Habila ya taimaka mata ta sauka, ya cire hularsa ya share gumi. "Direbobin Haɗeja, ku matso. Na samu Mama cikin shinkafa, ruwa ya kusa tafiya da ita. Wane mota ya sauke ta?"

Direbobi suka hau kallon tayoyinsu. Fasinjan Shu'ibu, da wandunansu ba su gama bushewa ba, suka zama kurame. Rabin mutanen wurin sun san ko ita wace ce, sun san ko surukar wa ce, kuma ba wanda ya dubi inda Shu'ibu yake, abin da ya fi kallon ma ciwo.

Daga cikin mayafi Inna ta ce, "Ɗan nan, ai na faɗa maka tun a hanya. Da ƙafata na taho. Ba motar da ta ɗauko ni."

"Daga Haɗeja, Mama? Da ƙafa?"

"Da ƙafata. Mu mun saba, da can da wace motar muke zuwa?"

Habila ya dube ta, ya dubi direbobi, ya yi ajiyar zuciya. Ya mai da alƙalaminsa aljihu ya ɓalla maɓalli. "To, shi ke nan. Tunda Mama ba ta da kowa a nan, zan kai ta caji ofis ta bushe, in nemi wanda zai raka ta."

Magana ta ƙare ke nan. Garba ya matse hannun Shu'ibu, ya ce a hankali, "Rufe bakinka, ta fisshe ka." Shu'ibu ya sani. Makulli yana aljihunsa, abin da ya rage kawai ya ci gaba da kallon ƙasa har babur ya tashi. Amma kalmar nan ta "ba ta da kowa" ta shiga kunnensa ta ƙi fita. Matar da ta ba shi 'yarta lokacin yana kwana a ƙarƙashin mota, a ce a gaban kasuwa ba ta da kowa, yana tsaye da hula a kansa? Bai san lokacin da ya fizge hannunsa ya ratsa mutane ya durƙusa ba.

"Ofisa, tana da kowa. Uwata ce. A motata ta taho, ni na sauke su a gorubai."

Wani a cikin taron ya ce, "Kash!" Inna Yakaka ta juya masa baya gaba ɗaya. Habila ya daɗe yana kallonsa kamar mai jin haushi, sannan ya sake buɗe maɓallin aljihu.

"Direba," ya ce ƙasa-ƙasa, "ni na riga na rufe maganan nan. Yanzu ka faɗa a gaban kowa, yaya kake so in yi?" Ya rubuta sammaci, ya yage, ya miƙa masa.

Matan gidan barka suka zo suka tafi da Inna. A hanyar komawa, a kan gada, Garba ya ce da Shu'ibu, "Na ga direbobi iri-iri, ban taɓa ganin wanda ya kai kansa ƙara ba."

Labari ya riga su isa Haɗeja. Alhaji Fannami bai tambaye shi komai ba, ya nuna masa gefen buzu da baki. Shu'ibu ya ajiye makullin, ya yi godiya, ya juya. A hanyar gida yana ta lallashin kansa. Aiki ya tafi, to, ya tafi. Amma ai bai yi abin kunya ba. Ai Safara'u za ta ji cewa mijinta ya zaɓi uwarta a kan mota, kuma irin wannan ba kowane namiji ke yi ba. Har ya fara shirya yadda zai ce mata ba komai, kada ta gode masa.

Ya same ta tana kwashe tuwo. Ta yi masa sannu da zuwa ba ta ɗago ba.

"Kin ji abin da ya faru?"

"Na ji. Inna ta aiko maƙwabciyarmu da saƙo, a motar la'asar."

Ya zauna a bakin tabarma. "Yaya jikin nata?"

"Lafiya lau. Ta ce ruwan bai dame ta ba, hawan babur ɗin ma ta yafe." Safara'u ta ajiye mara, ta dube shi. "Ta ce tunda take a duniya ba ta taɓa shara ƙarya a bainar jama'a ba sai yau, da furfurarta, don kawai jikokinta su ci gaba da cin abinci. Kofur ya yarda, kasuwa ta yarda. Kai kuma ka taso a gaban mutanen Kafin Hausa ka nuna musu maƙaryaciya ce."

"Ni? Ni ban ce..."

"To me ka ce, Malam?"

Takaici ya kama shi, ga shi ba wanda zai huce a kansa, don ko kofur bai zalunce shi ba.

Safara'u ta turo masa kwanon tuwo, ta zuba miya. "Ci," ta ce. "Na gobe ne ban san inda zai fito ba."